Daga Kufai Zuwa Tunga: Yadda Tashin Gida Ya Yi wa Manomi Nauyi

Duk wanda ya san karkarar ƙasar Hausa ya san kufai. Za ka tarar da kuka biyu ko uku a tsaye babu gida kusa da su, ga bakin tsohuwar rijiya da ta cike, ga ƙasa mai duhu wadda dawa ke yin kyau a kanta fiye da ko'ina a gonar, garma kuma tana tono tsingaro duk inda ta bi. Mutane sun zauna a wurin, sun haifi 'ya'ya, sun binne iyaye, wata rana suka ɗaure kaya suka tashi. Yawan irin waɗannan wurare a Katsina da Kano da Zamfara da Gobir shi ne shaida ta farko a kan cewa tashin gida daga wata ƙasa zuwa wata tsohuwar al'ada ce mai ƙa'ida da tsari. Magidancin da ke zaune yau a Jigawa ko Sakkwato yana auna ko ya kwashe iyalinsa zuwa Neja ko Taraba ko Nasarawa inda ya ji ana samun gona, sawun kakanninsa yake bi. Hujjar da nake son kafawa ita ce, shawarar ta fi yi masa nauyi fiye da yadda ta yi musu, duk da cewa shi yana da kwalta da mota da waya, su kuwa jaki da ƙafa. Dalili kuwa yana can inda za shi. A da baƙon da ya sari daji ya biya haraji yakan zama ɗan gari, yanzu kuwa ana iya kiran jikansa baƙo.

Sai an fahimci abin da sarauta ke ci kafin a gane dalilin da ya sa a da ake maraba da mai ƙaura. A ƙarni na 19 daji ya fi mutane yawa, saboda haka arzikin mai mulki yana cikin yawan kawunan da ke ƙarƙashinsa. Kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da kuɗin karofi da jangali duk daga hannun mutane suke fitowa, a Zazzau ma da garma ake lissafin harajin manomi. Mai garin da mutanensa suka watse ya rasa abin kai wa na gaba da shi, ya rasa masu gyaran ganuwa, ya rasa mutunci a fada. Wanda kuwa ya jawo baƙi suka kafa sabuwar unguwa, ya ƙaru ta kowace fuska. Wannan ya sa ƙafar talaka ta zama makaminsa, kuma masu mulki sun san da haka. A tsakiyar shekarun 1840 Malam Hamza da jama'arsa suka tashi daga Tsakuwa a ƙasar Kano saboda rikicin haraji, suka shiga duwatsun Ningi, abin da ya biyo baya ya hana Kano da Bauchi barci shekaru da dama. Kafin nan sarakunan Haɓe da jihadi ya kora sun tafi da talakawan da suka bi su: Katsinawa suka kafa mulki a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri, Zazzagawa kuma suka gangara kudu har Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Ita kanta Kano ta yi kaurin da matafiyin Bature Barth ya gani a 1851 ne da taimakon baƙi, fatake da masaƙa da marina da suka baro ƙasashen da yaƙi ya hana zaman lafiya, da Agalawa da Tokarawa da suka zauna a karkararta suna noma da damina suna fataucin goro da rani. Wanda ya bi sunayen ƙauyuka zai ga sauran labarin: Katsinawa, Daurawa, Gobirawa, Zamfarawa, Kanawa, kowanne a ƙasar da ba tasa ba, da ɗimbin Tunga da Gidan wane da Sabon Gari.

Yadda ake yin tashin shi ne ya fi cancantar a tsaya a kai, domin a nan hikimar take. Gandu ba ya tashi dare ɗaya sai in gudun rai ne. Bayan an gama kaka, an ɗaure dami an zuba a rumbu, maigida yakan tura ƙane ko babban ɗa ya je ya ga wurin da aka ba su labari, kuma kusan kullum akwai wani nasu da ya riga su can, ɗan'uwa ko suruki ko abokin cin rani. Shi ne zai kai shi gaban mai gari da 'yar gaisuwa, ya ce wannan mutumina ne, na san gidansu. Mai gari ya haɗa shi da wanda zai nuna masa daji, a yi iyaka da wata itaciya ko suri ko kwari. Da bazara ya yi sassabe, ya ƙona, ya kafa bukka, ya ci daga guzurin da ya zo da shi ko ya yi ƙodago a gonar wani kafin nasa ya nuna. In damina ta farko ta yi kyau, ruwan wurin ya karɓe shi, sauro da ciwo ba su kayar da shi ba, sai ya koma ya ɗauko matarsa da irin shuka na gida da akuya biyu. Tsofaffi su ne na ƙarshen tashi, wani lokaci ma ba su tashi sam. Gonar gado kuwa ba a gaggawar rabuwa da ita. A bar ta riƙo a hannun ɗan'uwa, ko a ba da aro, in an matsu a jinginar, duk don ƙofar komowa ta zauna a buɗe. Gida biyu maganin gobara. Mata ma suna da ta cewa a wannan shawara fiye da yadda ake zato, domin matar da aka kai nesa da danginta, babu inda za ta je wankan jego, babu rijiya kusa, tana iya cewa ba za ta zauna ba, kuma tungar da babu mata a cikinta ba ta zama gari.

Za a iya cewa wannan hoto ya yi kyau da yawa, kuma akwai gaskiya a ƙorafin. Ƙarni na 19 zamanin hari ne da kamun bayi. Wanda ya fita daji da iyalinsa ba tare da ayari ba yana iya wayar gari a kasuwa ana tayinsa, dubban mutanen da suka cika rinjojin Kano da Zazzau da Sakkwato kuwa ba wanda ya tambaye su ko suna son ƙaura. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da labarin mahara da fansar dangi da gudu zuwa gari mai ganuwa. Amma in aka duba da kyau, tsoron hari ya ƙara wa baƙo daraja ne a idon mai gari. Garin da ke bakin iyaka yana neman duk wanda zai riƙe baka ya tsaya a kan ganuwa, shi ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya dage wajen kafa ribaɗi irin su Wurno yana tara mutane a ciki. Hanya ce ke da haɗari. Wanda ya isa da ransa ya sami wurin zama. Ko hijirar 1903, ta gudun mulkin Turawa, ta bi wannan tsari. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, waɗanda suka tsira suka ci gaba zuwa gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925 kuma hannun waɗannan baƙi na daga cikin abin da aka dogara da shi.

Zuwan Turawa ya buɗe daji. Da hari ya ƙare mutane suka fita daga bayan ganuwa suka bazu, kowa ya kafa gida a tsakiyar gonarsa, ƙauyuka da yawa da ake gani yau daga wannan lokaci suka samo asali. Amma haraji na kuɗi da ya zama dole a kowace shekara, da yunwa irin ta 1913 zuwa 1914 wadda ake kira Kakalaba, sun sa tashi ya ƙaru. Daga ɓangaren da Faransa ke mulka mutane suka riƙa tsallakowa kudu don gudun aikin tilas da ɗaukar soja, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas ɗin. Dagatai na wannan zamani ma sun gaji tsohon lissafi, domin yawan masu biyan haraji shi ne ma'aunin girman dagaci a wurin hakimi da Bature. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo baya sun kawo wata mafita kuma, wato mutum ya bar gida inda yake, ya tafi cin rani ya komo da kuɗin haraji kafin ruwa ya sauka.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma shi ne wanda tsofaffi ke faɗa wa matashin da ya zo da zancen tashi: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Manomin kewayen Kano ya san abin da ya zuba a gonarsa. Shekara da shekaru ana loda taki da shara da toka a mangala, jakuna na fitowa da su daga birni da rani, a zube su tsibi-tsibi a gona kafin a baza. Gawo da ɗorawa da kuka na gonar kowanne da mai shi. Ba a barin saura, kowace damina sai an noma. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna yadda irin wannan kulawa ta riƙe ɗimbin jama'a a kan ƙasa kaɗan ba tare da ta mutu ba. Gona irin wannan aikin kakanni ne, ba a ɗaure ta a kai. Saboda haka masu wannan ra'ayi ke ganin tashi aikin wanda ya kasa ne, ko ɗan da ya ɓata da ubansa. Shaidar da ke hannu ta nuna akasin haka. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta kuma yi nazarin Ɗorayi a gefen Kano a farkon shekarun 1970, ta lura cewa mafi talauci a ƙauye su ne mafi ƙarancin iya tashi, domin ƙaura tana son jari. Sai mai hatsin da zai ciyar da gida biyu na tsawon damina, mai 'ya'ya maza da zai raba, mai wanda zai tsaya masa a can. Wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin bazara, yana nan daure da ƙodago a gonar maƙwabci. Kuma a inda gado ke rarraba gona tsakanin 'ya'ya har kason kowa ya kasa ciyar da shi, tashin ɗaya daga cikinsu shi ke barin sauran su rayu. Gidan da ya tura ɗa Tunga yakan ƙara ƙarfi ne, domin in fari ya ci ta nan, dami na zuwa daga can.

Farin 1973 da na 1984 sun gwada wannan tsari, kuma ya yi aiki. Manoma da masunta daga arewa maso yamma suka bi Tafkin Chadi yana ja da baya, suna shuka masara da wake a danshin da ya bari, garuruwa irin su Doron Baga suka cika da Hausawa. Wasu suka gangara kudu inda ruwan sama ya fi tabbas. A wannan zamani kuma aka ga bambancin tashin da mutum ya tsara wa kansa da wanda aka tsara masa. Madatsar ruwa ta Kainji da aka gama a 1968 ta tashi mutane fiye da 40,000, har da tsohon garin Bussa, aka zuba su a gidajen da gwamnati ta zana ta gina. A madatsar Bakolori rikicin gonaki da diyya ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta a 1980. Babu ɗan aike, babu damina ta gwaji, babu ƙofar komowa, domin tsohon gida yana ƙarƙashin ruwa. Su ma mutanen bakin tafki iyaka ta cim musu: waɗanda suka bi ruwa har Darak sun wayi gari bayan hukuncin Kotun Duniya na 2002 an tabbatar musu cewa ƙasar da suke kai ta Kamaru ce.

Babban sauyin dai ya zo ne ta hanyar takarda. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, a 1976 aka ƙara, a 1987 aka cire Katsina daga Kaduna, a 1991 aka yanki Jigawa daga Kano da Kebbi daga Sakkwato, a 1996 Zamfara ta fita. Mutumin Funtuwa da ya koma Giwa da gidansa a 1980 bai bar jiharsa ba. Bayan shekara bakwai iyaka ta ratsa tsakaninsa da mahaifarsa yana zaune a zaurensa. Da iyakar taswira ce kawai da babu damuwa, sai dai ta zo tare da tsarin rabon arzikin ƙasa. Kuɗin ƙaramar hukuma yanzu daga asusun tarayya yake zuwa, harajin kai da jangali kuwa jihohin Kano da Kaduna sun soke su a 1979. Da wannan lissafin mai mulki ya juye. Baƙo ya daina zama ƙarin kuɗin shiga, ya koma ƙarin baki a kan kaso ɗaya na gurbin makaranta da aikin gwamnati da takin zamani da kujerar kansila. Tsarin mulki na 1979, da na 1999 bayansa, ya ɗaura zaman mutum ɗan jiha a kan cewa iyayensa ko kakanninsa 'yan wata al'umma ce ta asalin jihar, daga nan takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin komai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin gonakin karkara. A aikace har yanzu mai unguwa ne ke nuna wa baƙo daji, amma maganarsa ba ta da nauyin da take da shi a da, domin gonar da ya bayar da baki gaban shaidu, mai takarda daga birni yana iya zuwa ya karɓe ta.

Akwai ƙorafi na uku, wanda bai kamata Bahaushe ya kauce masa ba, shi ne na masu masauki. Al'ummomin kudancin Kaduna da Neja da Filato da Taraba suna da nasu tarihin, kuma a cikinsa baƙon da ya zo daga arewa sau da yawa yana zuwa ne da inuwar sarauta a bayansa. A zamanin En'e an ɗora wa da yawa daga cikinsu hakimai daga masarautun da kakanninsu suka yi ta gudu daga harinsu. Dajin da baƙo ya ga babu kowa a kai, a wurinsu saura ce ta dangi da aka bari ta huta, ko wurin farauta, ko wurin ibada. Abin da wani ya ɗauka kyauta ce ta har abada, wanda ya bayar yana ganin aro ne, in 'ya'yansa sun yi yawa zai nemi abinsa. Rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya tashi a kan sauya wa kasuwa wuri tsakanin Hausawan garin da Atyap da ke kewaye da su, ya nuna inda irin wannan saɓani ke kaiwa in an bar shi ya ruɓe, rayuka da yawa suka salwanta a gari da ya daɗe da kafuwa a kan hanyar fatake. Tsoron masu masauki na cewa za a fi su yawa a ƙasarsu tsoro ne na gaske. Sai dai takardar asali ba ta warware shi ba. Ta bar ainihin matsalar, wato wa ke da wace gona kuma a kan wane sharaɗi, ta koma tana rarraba yara a makaranta. Yaron da aka haifa a Tunga, bai san hanyar garin kakansa ba, ana ce masa ya je can ya nemo takarda, can kuma shugaban ƙaramar hukuma bai san shi ba. Mutumin da aka gaya masa cewa zuriyarsa ba za ta taɓa zama ta wurin ba, ba zai dasa mangwaro ba, ba zai yi wa ƙasa hidimar taki ba. Zai ci ƙarfinta ya ƙara gaba, kuma wannan asara ce ga mai masaukin kansa.

Masu bin doka za su ce tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama da mallakar ƙasa a ko'ina, sashe na 41 da na 43 sun faɗi haka ƙarara. Manomi ya san wannan 'yanci ba ya shiga lissafinsa, domin ba kotu zai je ba ranar da aka ce ya tashi daga gona. Wurin wanda ya tsaya masa zai je, in har yana raye. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a shekarun nan tsohon tsarin tashi a hankali shi ma yana rushewa daga tushe. A Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka ɗungurungum, a 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi, ta hanyar da Katsinawa da Gobirawa suka bi shekara ɗari biyu da suka wuce. Wanda aka ƙona masa rumbu aka kore masa shanu ba shi da guzurin damina ta gwaji, gonar da ya bari kuwa babu ɗan'uwan da zai riƙe masa, don shi ma ya gudu. Irin wannan mutum yana isa wata jiha hannu rabbana, a daidai lokacin da dagacin can ke tsoron saukar da wanda bai sani ba kada a ce ya ɓoye ɗan leƙen asiri. Da yawa daga cikinsu sun ƙare a kangon gini a gefen Gusau da Sakkwato da Katsina, manoma masu ƙarfi a jika, damina na wucewa ba su riƙe fartanya ba.